Yadda Ake Zama da Baƙin Star Trek Masu Ban Haushi Ba Tare da an Fasa Talabijin Ba

Duk mai kallon Star Trek ya san wannan lokacin. Jirgi na keta sararin samaniya lafiya lau, kowa na bakin aikinsa, sai a sanar da kyaftin cewa ga wani yana neman izinin shigowa. Baƙon na buɗe baki ka ji tsaki ya kufce maka, domin ka gane cewa minti arba'in da wani abu masu zuwa nasa ne, kai kuma ba shi ka zo kallo ba. Masoya shirin sun shafe shekaru suna musu a kan wanne baƙo ne ya fi tsaya wa mutum a wuya, kuma har gobe ba su gama ba. Ga shawarwarin da za su raba ka da hawan jini, su kuma ba ka abin faɗa idan musun ya biyo ta kanka.

Fara da sanin dalilin da ya sa ake kawo su. Gene Roddenberry ne ya ƙirƙiri shirin, aka soma nuna shi a tashar NBC ta Amurka a 1966. Da ya dawo da shi a 1987 da sunan The Next Generation, sai ya kafa wa marubuta doka cewa mutanen ƙarni na 24 sun wuce ƙananan rigingimu, saboda haka ma'aikatan jirgin Enterprise ba za su riƙa faɗa da juna ba. To, labari kuma ba ya tafiya sai da rigima. Idan 'yan gida ba za su yi ta ba, dole a shigo da ita daga waje. Shirin ya yi kashi 178 kafin ya ƙare a 1994, kuma kusan kowane mako sai an nemo wanda zai zo ya dagula lissafi. Baƙo mai ban haushi ma'aikaci ne da aka ɗauko ya yi wani aiki. Abin tambaya kawai shi ne ko ya yi aikin.

Hanyar ganewa ba ta da wuya. Ajiye rimot, ka bar kallon baƙon, ka dubi fuskokin masu jirgin. Idan ka ga Kyaftin Picard ya dafe goshi, Worf yana huci, Riker yana cije dariya, to marubuta sun san abin da suke yi. Haushin da kake ji shi suka nufa, kuma akwai ladan haƙuri a gaba. Idan kuwa kowa a jirgin yana yabon baƙon, ana ta cewa kai wannan mutum akwai farin jini, kai kaɗai ne a ɗakinka kake jin kamar ka shaƙe shi, to marubuta ne suka yi tuntuɓe, kuma babu laifi ka tsallake.

Babban misalin rukuni na biyu shi ne Okona, wanda ya bayyana a ƙarshen 1988. Matuƙin wani ƙaramin jirgin kaya ne da na'urar tuƙinsa ta lalace. Tun bai yi komai ba Deanna Troi, mai ba da shawara a jirgin, ta sanar da mu cewa hatsabibi ne mai shiga rai, yaro Wesley ya shiga binsa da ido, matan jirgin kuma suka fara buɗe masa ƙofa. Mu 'yan kallo muna ta jiran mu ga abin da ya burge su, har aka rufe labari ba mu gani ba. Gidaje biyu ne ke farautarsa, ɗaya na zarginsa da yi wa 'yarsu ciki, ɗaya da satar wani lu'ulu'u na gado, ashe shi ɗan aike ne kawai tsakanin saurayi da budurwa. A gefe guda kuma an haɗa Data, mutum-mutumin jirgin, da wani mai barkwanci na kwamfuta yana koya masa ban dariya, wanda shi ma bai ba kowa dariya ba. Jarumin da ya fito a Okona, Billy Campbell, ba laifinsa ba ne. An ba shi rigar da aka ɗinka da yabo zalla, babu aiki a ciki. Wannan ka wuce shi da zuciya ɗaya.

Q kuwa, wanda John de Lancie ya fito a matsayinsa, shi ne rukuni na farko tsantsa. Halitta ce mai ikon juya lokaci da wuri da ƙyasta yatsa, ga girman kai, ga rainin wayo. A kashin farko na shirin ya gurfanar da 'yan Adam gaba ɗaya a kotu bisa tuhumar dabbanci. Picard ba ya ƙaunar ganinsa ko kaɗan, kuma wannan ƙiyayyar ita ce daɗin abin. Idan ka ji wani yana cewa Q ɗan wasa ne kawai, tuna masa da 1989, lokacin da Picard ya bugi ƙirji ya ce sun shirya wa duk abin da ke gaba. Q ya wurga jirgin tafiyar shekarar haske 7,000, ya haɗa su da mugayen halittun da ake kira Borg. Mutum 18 suka rasa, kuma sai da Picard ya sauke kai ya roƙe shi kafin ya dawo da su. A 1990 aka ƙwace masa ikonsa, ya faɗo tsirara a tsakiyar ɗakin tuƙi yana neman mafaka. Da ya tambayi abin da zai yi su yarda ya zama mutum, Worf ya ba shi shawarar ya mutu, Guinan mai kula da mashayar jirgin kuma ta caka masa cokali mai yatsu a hannu don ta tabbatar. In har lokacin haushinsa bai sake ka ba, akwai magani a shirin Deep Space Nine, wanda labarinsa ke gudana a wata tashar sararin samaniya: a 1993 ya je ya gwada wa Kwamanda Sisko irin wasan da yake wa Picard, Sisko ya kai shi ƙasa da naushi. Bai sake taka wannan tasha ba.

Yanzu mu zo kan wadda ta fi raba kan masoya, Lwaxana Troi, mahaifiyar Deanna. A nan ne nake roƙonka ka kai zuciya nesa, domin na ga mutane da yawa sun yanke mata hukunci tun a zuwan farko. Ka san gwaggon nan da ke iso gidan biki da akwatuna, ta sauya wa kowa wurin kwana, ta tambayi 'yan mata a gaban jama'a me ya hana su aure? Ita ce, sai dai wannan tana karanta abin da ke zuciyar mutum, kuma ba ta iya riƙe shi a ciki. 'Yar duniyar Betazed ce, jakadiya, ba ta gabatar da kanta sai ta jero sarautun gidansu kaf. Zuwanta na farko a 1987 ta sa Picard, kyaftin guda, ya ɗaukar mata akwati, yana tafe yana nishi, sai ga baranta Mista Homn, wani dogo da ba ya magana, ya ɗaga akwatin kamar babu komai a ciki. Idan tana cin abinci Homn na gefe yana buga ƙararrawar godiya, ba ya gajiya. Sunan Worf ma takan kira shi ba daidai ba. Kullum kuma sai ta sanar da jama'a cewa Picard yana tunaninta a zuciyarsa, shi kuwa bawan Allah neman hanyar gudu yake. A 1989 har ɓuya ya yi a ɗakin siddabarun kwamfuta, ya shige wani labarin ɗan sandan ciki don kada ta gan shi.

To amma lura da yadda wannan kashin ya ƙare. Tana shirin sauka, sai ta dubi wasu jakadu biyu masu kama da kifi da jirgin ya ɗauko, ta ce ai waɗannan 'yan ta'adda ne, rigunansu cike suke da abin fashewa, taron da za a je suke son tarwatsawa. Aka duba, haka ne. Duk jami'an tsaron jirgin da na'urorinsu ba su gano ba. Daga nan ya kamata mai kallo ya soma zargin cewa matar nan ta fi ƙarfin surutunta.

Majel Barrett ce ta fito a matsayinta, matar Roddenberry, wadda ta yi ma'aikaciyar jinya Chapel a shirin farko, kuma muryarta ce muryar kwamfutar jirgin. Masu cewa don tana matar mai gida ne ake ta dawo da ita, ka kai su kashin da ake kira Half a Life na 1991. A nan ta haɗu da Timicin, masanin kimiyya mai kunya wanda ya ƙarar da rayuwarsa yana neman hanyar farfaɗo da ranar duniyarsu da ke mutuwa. Soyayya ta shiga tsakaninsu, sai ta ji cewa a al'adarsu duk wanda ya cika shekara 60 ana yi masa taron bankwana ya kashe kansa, don kada ya zama nauyi a kan 'ya'yansa. Saura kwanaki kaɗan nasa ya cika. Matar da muka saba gani tana wasa da kowa ta tsaya ta yi faɗa da wannan al'ada da dukan ƙarfinta, ta zauna a gaban 'yarta tana kuka, tana faɗin tsoron da take ji na tsufa da kaɗaici. Timicin ya nemi mafaka a jirgin, 'yarsa ta zo ta ce ya kunyata su, ya janye. Lwaxana ba ta yarda da abin ba har ƙarshe, amma ta shirya ta bi shi, don ta kasance cikin masoyan da za su tsaya a gefensa.

A 1993 aka ƙara buɗe ta sau biyu. A Dark Page muka gano cewa tana da wata 'ya kafin Deanna, mai suna Kestra, wadda ta nutse a ruwa tana ƙarama a wani fita shan iska, uwar kuma ta goge shekaru bakwai daga littafin ajiyar sirrinta don kada ta tuna. A Deep Space Nine kuma lifta ta maƙale da ita da Odo, shugaban tsaron tashar, mutumin da ba ya son wasa, wanda dole ne duk bayan awa 16 jikinsa ya narke ya koma ruwa. Lokacin ya yi, ga shi babu wurin ɓuya, kuma bai taɓa bari wani ya gan shi a haka ba. Sai ta sa hannu ta cire hular gashin da ke kanta, ta bar shi ya ga gashinta na ainihi, wanda ita ma ba ta nuna wa kowa. Sannan ta tara masa rigarta, ya narke a ciki. Sau tara kacal ta fito a shirye-shiryen biyu, shida a The Next Generation, uku a Deep Space Nine. Wasu daga ciki ba su da daɗi, musamman wanda ta yi wankan taɓo da Alexander ɗan Worf, kuma ba zan tilasta maka su ba. Amma wanda bai kalli waɗannan ukun ba, ba shi da bakin magana a kanta.

Akwai wani baƙon da shawarata a kansa ita ce ka zaɓi ɓangare kafin ka shiga taron masoya, domin ba a tsayawa a tsakiya. Kyaftin Edward Jellico ke nan, wanda Ronny Cox ya fito a matsayinsa a Disambar 1992. An tura Picard aikin sirri, aka ba Jellico jirgin ana gab da yaƙi da mutanen Cardassia. Ko zama bai yi ba ya ce a mayar da aikin karɓa-karɓa daga kashi uku zuwa huɗu, a fitar da kifin da Picard ke kiwo a ofis, Troi kuma ta sa kaki kamar kowane hafsa. Riker ya yi ta jan ƙafa har Jellico ya dakatar da shi. Masu kallon farko sun tsane shi, domin ya shigo gidan da suka saba da shi yana ta sauye-sauye babu ko murmushi. Daga baya wasu suka sake kallo suka ce a tsaya, mutumin nan me ya yi ba daidai ba? Yaƙi aka turo shi ya hana, ya hana. Picard na hannun abokan gaba ana azabtar da shi, ya karɓo shi. Da ya buƙaci gwanin matuƙi da zai dasa nakiyoyi a jikin jiragen abokan gaba, ya haɗiye girman kai ya je har ɗakin Riker ya nema. Ni ina tare da masu cewa Jellico ya fi Riker gaskiya a wannan rigima. Laifinsa ɗaya, bai iya bayyana wa mutane dalilin umarninsa ba, kuma shugaban da bai iya wannan ba zai sha wahalar da bai kamata ya sha ba. Troi dai ta ci gaba da sa kakinta har shirin ya ƙare, kuma ya karɓe ta.

Kai Winn ta Deep Space Nine daban take. Ita ba a musu a kanta, kowa ya tsane ta, kuma haka aka so. Shugabar addinin mutanen Bajor ce mai son mulki, ba ta ɗaga murya, sai dai ta yi murmushi ta kira babban mutum da "ɗana" ko "'yata" ta yadda zai ji kamar an mare shi. Ta fara bayyana a 1993 tana tayar da rikici a kan makarantar da Keiko O'Brien ke koyarwa, kuma ba ta huta ba har kashin ƙarshe a 1999. Idan ka ji jininka na tafasa da ganinta, ka yaba wa Louise Fletcher, wadda tun a fim ɗin One Flew Over the Cuckoo's Nest na 1975 ta ci kyautar Oscar da irin wannan mugunta mai sanyin murya.

Wannan ya kawo mu ga dokar da ba ta da raha a ciki: haushin tauraron labari ya tsaya a kan tauraron labari. Wil Wheaton yana da shekara 15 aka fara nuna shi a matsayin Wesley Crusher, yaron da marubuta suka riƙa sa shi yana ceton jirgi alhali manyan injiniyoyi na tsaye. Shi ba baƙo ba ne a farko, sai bayan ya bar shirin a 1990 ya riƙa leƙowa. Manya da gemunsu suka juye haushin rubutun da ba shi ya yi ba a kan yaro, kuma ya sha faɗin irin ciwon da hakan ya ji masa. Ka yi tsakinka a ɗakinka, ka soki marubuta son ranka, amma ɗan wasa aikinsa ya yi ya karɓi haƙƙinsa.

Akwai waɗanda na ba ka izinin tsallakewa ba tare da dogon bayani ba. Matasan nan marasa takalmi na 1969 da suka mamaye jirgin Kyaftin Kirk na shirin farko da kaɗe-kaɗe suna neman aljannar duniya, har mataimakinsa Spock ya ɗauko molonsa ya taya su. Mutanen Wadi na 1993, da suka jefa Sisko da hafsoshinsa cikin wani wasa aka sa su tsalle-tsalle da waƙar yara, daga ƙarshe aka ce ai wasa ne kawai, babu wanda zai mutu. Fatalwar da ke zaune cikin fitilar kyandir a 1994, wadda ta yi soyayya da kakar Dakta Crusher, mahaifiyar Wesley, sannan ta dawo kan jikar. Waɗannan in za ka kalla, tara abokai, domin dariyar da za ku yi tare ita ce ribar.

Tsofaffin 'yan damfarar shirin farko kuwa kada ka haɗa su da waɗannan. Cyrano Jones ya sayar da wata 'yar dabba mai laushin gashi a tashar K-7 a 1967, ta hayayyafa har Spock ya ƙiyasta 1,771,561 a rumbun hatsi kaɗai, Kirk ya buɗe ƙofar rumbun suka zubo masa a ka. Su ne kuma suka tona cewa an sa wa hatsin guba, suka fallasa ɗan leƙen asirin Klingon. Hukuncin Jones shi ne ya tsince su ɗaya bayan ɗaya, aikin shekara 17.9. Harry Mudd, maƙaryacin da ya gudu daga matarsa Stella saboda faɗanta, Kirk ya bar shi a wata duniya tare da mutum-mutuminta guda 500, kowace na kiran sunansa. Shirin da ya san yadda zai hukunta baƙonsa haka ya biya ka haushinka da riba.

Wanda nake so ka yi wa adalci na musamman shi ne Reginald Barclay, da Dwight Schultz ya fara fitowa a matsayinsa a 1990. Injiniya ne mai in'ina da tsoron mutane, kullum a makare, idan ya tashi aiki sai ya shige ɗakin siddabaru inda ya ƙera hotunan shugabanninsa yana cin su da faɗa. Ma'aikatan suka laƙaba masa sunan wani kayan lambu, har Picard ya yi suɓutar baki ya kira shi da shi a gaban mutane. Shugabansa La Forge ya so a sauya masa wurin aiki, Picard ya ce a'a, ka jawo shi jiki. Da jirgin ya kusa tarwatsewa, Barclay ne ya gano abin da ke lalata injinan. A jirgin da kowa gwani ne, kowa jarumi, shi kaɗai ne yake rawar murya idan an tambaye shi a taro, kuma da yawan masu kallo sun ga kansu a jikinsa. A 1999 shi ne ya samo hanyar magana da jirgin Voyager da ya ɓace a can ƙarshen taurari, bayan shugabanninsa sun ce ya haƙura.

Idan za ka koya wa wani kallon shirin nan, kada ka ba shi jerin waɗanda zai tsana tun kafin ya gan su. Bar shi ya yi tsakinsa da kansa, kai dai ka riƙe rimot. Okona da mutanen Wadi ka wuce masa su, ba zai yi asarar komai ba. Ranar da Lwaxana ta sauko da akwatunanta ya ce a canza, ka ce masa ya zauna, akwai sauran magana.